Wa Ya Koya Wa Mai Gyaran Firji?

Na san waɗansu za su ga kan wannan magana su ce, me ya haɗa mujallar masu koyon aikin malanta da gyaran firji? Ku yi mini haƙuri ku bi ni zuwa ƙarshe, sa'an nan wanda ya ga na yi ɓatan kai ya rubuto wa Edita, fili na kowa ne.

Ga abin da ya tsokano maganar. Uwargidana tana sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, kuma ba na jin kunyar faɗi, da ribar nan a ke cike giɓin da albashi ya bari tun da na dawo ƙaro ilmi. Ana saura 'yan kwanaki a kama azumi, daidai lokacin da kasuwar ƙanƙara ta ke ci, sai firjin ya daina sanyi. Muka kira wani saurayi mai shago a bakin titi. Ya zo da 'yar tukunyarsa ta gas, ya kara kunne, ya shafa bayan firjin, ya ce, "Malam, ai gas ne ya ƙare." Ya ɗura, muka biya, firji ya yi sanyi, kowa ya yi murna. Mako biyu ba su cika ba muka wayi gari ƙanƙara ta zama ruwa, zoɓo ya yi tsami. Ya dawo ya ce gas ɗin wancan karon ne ba mai kyau ba. Ya sake ɗurawa, muka sake biya. A karo na uku uwargida ta ce, "Malam, wannan firji ya fi mu cin kuɗi, ko dai mu sayar da shi mu huta?"

Wani maƙwabcinmu ne ya kai ni wurin wani dattijo, wanda ya yi shekaru yana aiki a wani kamfanin kifi mai ɗakunan sanyi kafin ƙarfi ya gaza. Tsohon nan bai taɓa tukunyar gas ba tukuna. Sai da ya cika bututun da iskar naitirojin, ya kaɗa ruwan sabulu a kofi, ya riƙa shafawa gaɓa gaɓa, har ya zo wani wuri inda aka taɓa yin walda, sai ga kumfa tana tasowa. Ya nuna mini da yatsa. Ya ce, "Malam, kai da ka ke koyar da yara, riƙe wannan. Gas ɗin firji ba kananzir ba ne, ba ya ƙonewa balle ya ƙare. In ka ga ya ragu, to, akwai inda ya ke zurarewa." Na ce, "Baba, ashe sau biyu ina zuba ruwa a kwando." Ya yi dariya, ya like wurin, ya kafa wani ɗan inji ya zuƙe iska da laima daga cikin bututun, sa'an nan ya auna gas a sikeli ya ɗura daidai abin da aka rubuta a jikin firjin. Har yau ba mu sake kiran kowa ba.

Maganar tsohon nan gaskiya ce, kuma bayaninta ba shi da wuya. Kowa ya san ruwan randa ya fi na bokiti sanyi. Dalili shi ne randa tana tsattsafo, kuma ruwa in zai zama tururi sai ya kwashi zafi daga abin da ya ke jikinsa. Da wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Firji randa ce wadda ba ta barin tururinta ya tsere. Kwamfiresa tana matse gas ya yi zafi, ya bi baƙaƙen bututun da ke baya ya zubar da zafin a waje ya koma ruwa, ya kurɗa ta wani siririn bututu, ya faɗa inda matsi ya ragu, ya tafasa a can cikin firjin yana kwasar zafin abinci, ya sake komowa wurin kwamfiresa. Haka ya ke kewayawa dare da rana, shekara da shekaru. Iyakwandishan ma haka ya ke, ɗaki ne kawai ya maye gurbin akwati. Wannan darasi ne na minti arba'in, da alli da allo. Amma saurayin nan ya shekara huɗu a shago, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya gaya masa.

Don haka ni ban riƙe shi a zuci ba. Bai cuce ni da gangan ba, abin da ya ga ubangidansa yana yi shi ya yi, ubangidan kuwa haka ya ga nasa. Kada kuma a ce na raina koyon sana'a a shago. Wannan hanya ita ta ciyar da ƙasar nan. Ita ta ba mu makanikai da teloli da kafintoci da masu walda, ba da ko kwabon Gwamnati ba. Yaro ya kan shiga yana share shago da miƙa sifana, ya fita da hannu mai laushi a kan aiki da haƙurin zama da masu kawo gyara, abin da ba wata makaranta da ke koyarwa. Inda ta gaza shi ne, ido ba ya koyon abin da ba a gani. Matsi da laima da nauyin gas duk a ɓoye su ke cikin bututu. Wanda bai san dalili ba, muddin injin irin wanda ya saba ne, zai yi ta dacewa. Ran da aka sake injin, sai lalube.

An kuwa sake shi, ba sau ɗaya ba. Firjin farko da ammoniya da waɗansu iskoki masu guba su ke aiki, in suka zurara cikin gida sai a kwashi gawa. Wajen 1930 aka fito da R12, wanda ba ya kama wuta, ba ya kisa, duniya ta ce an huta. A 1974 waɗansu masana biyu a Amurka, Rowland da Molina, suka yi gargaɗi cewa irin wannan gas yana hawa sama ya cinye ozon, watau rufin da Allah ya yi mana don tace zafin hasken rana mai ƙona fata da lalata ido. A 1985 masu bincike na Ingila suka tarar da rufin ya yi wani wawakeken rami a bisa ƙarshen duniya na kudu. Sai ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987, Nijeriya ta shiga a 1988, kuma a farkon 2010 wa'adin R12 ya cika ga ƙasashe irin namu. Aka koma R134a a firji da motoci. Iyakwandishan kuwa ya daɗe a kan R22, wanda ɓarnarsa ga ozon ba ta kai ta R12 ba, amma shi ma an yanka masa wa'adi: raguwa kashi 35 cikin ɗari a 2020, kashi 67.5 a 2025, sa'an nan a 2030 a rufe ƙofa, sai ɗan abin da za a bari don lallaɓa tsofaffin injuna zuwa 2040.

Ba a nan ta tsaya ba. Waɗanda aka kawo a madadinsu ba su taɓa ozon, amma suna riƙe zafi a duniya. Kilo ɗaya na R134a in ya tsere, daidai ya ke da kilo 1,430 na hayaƙin kabon, na R410A kuwa ya haura kilo 2,000. Saboda haka aka sake zama a Kigali ta Ruwanda a 2016 aka amince su ma a rage su sannu a hankali, Nijeriya ta rattaba amincewarta a 2018. Shi ya sa in ka leƙa bayan sabon firji yau, galibi R600a za ka gani a rubuce, sabon iyakwandishan kuma R32 ko R290.

To, ku dubi halin da mai shago ya shiga. A cikin rayuwar mutum ɗaya gas ya sake suna sau uku ko huɗu, kuma kowanne da halinsa. R410A matsinsa ya fi na R22 da kamar rabi, ba a gwada shi da tsohon ma'auni, man kwamfiresarsa ma daban ne, ga shan laima. R600a da R290 kuwa 'yan'uwan gas ɗin girki ne, ɗaya butan ɗaya furofan. Abin da a ke ɗura wa firjin gida bai kai giram 150 ba, sau da yawa bai kai rabin haka ba, tilas sai da sikeli, ba da shafa bututu a ji ko ya yi raɓa ba. Wanda ya saba kunna wutar walda a kan bututu ba tare da ya tabbata ya kore gas ɗin ciki ba, a shago matsattse mai ƙofa ɗaya, da janareta yana ruri a gefe, yana wasa da ransa da na yaran da iyayensu suka ba shi amana. Akwai kuma wata mummunar al'ada ta gwada ɗigo da iskar oksijin ta masu walda, don ita ce a kusa, ita ce mai araha. Oksijin in ya gamu da mai cikin matsi fashewa ya ke yi. Naitirojin a ke sa wa, kamar yadda tsohon nan ya yi. Ƙaramin sani, in ji masu iya magana, ƙuƙumi ne.

Ga jabu kuma. A 2011 waɗansu kwantenoni masu sanyi na jiragen ruwa suka fashe a Biyetnam da Burazil, mutum uku suka mutu. Da aka bincika, sai aka tarar an ɗura musu gas ɗin jabu, an rubuta R134a a tukunya, alhali an gauraya shi da R40, wanda ke cin alminiyon da ke cikin kwamfiresa ya haifar da abin da ke kama wuta da kansa. In manyan kamfanonin jiragen ruwa sun faɗa wannan rami, ina ga mai shagon da ya ke sayen gas a kasuwa, tukunya ba takarda, ba na'urar gwaji?

Wani zai ce, iyakaci dai zoɓo ya yi tsami. Da ma a nan ta tsaya. Yawancin alluran rigakafin yara sai an ajiye su tsakanin digiri 2 da 8 tun daga ma'ajiya har zuwa hannun ma'aikaciyar asibitin ƙauye. In suka yi zafi ƙarfinsu ya tafi, waɗansu kuma in suka daskare sun mutu, ga kwalba lafiya lau, ido ba zai gane ba. Uwa ta goyo ɗanta ta yi tafiyar safe, an yi masa allura, ta koma da kwanciyar rai, ashe ruwa aka tsira masa. Sa'ad da aka ba nahiyar Afirka shaidar rabuwa da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agusta na 2020, an yaba wa likitoci da sarakuna da mata masu bi gida gida, kuma sun cancanta. Ban ji wanda ya ambaci masu gyaran firjin da suka riƙe sanyin nan ba. Haka jinin da a ke ajiye wa mai haihuwa, haka insulin na masu ciwon sukari. Mu kuma da mu ke zaune nesa da gida, muna ganin 'yan'uwanmu fatake suna sauke kwandunan tumatir da suka taso daga Kadawa zuwa kasuwar Mile 12 a Ikko, ana ware ruɓaɓɓe ana zubarwa. An fara kafa ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana a kasuwanni, abin a yaba. Amma duk ɗakin da aka kafa ba a tanadi mai gyaransa ba, an gina wa ɓeraye masauki ne.

Bari mu leƙa yadda waɗansu suka yi. A Amurka, inda Willis Carrier ya ƙera iyakwandishan na farko a 1902 don wata maɗaba'a a Brooklyn wadda laima ta ke ɓata wa takarda, doka ta hana sakin irin wannan gas a iska da gangan tun 1992. Tun 1994 kuma ba mai taɓa shi a matsayin sana'a sai ya ci jarrabawa ya karɓi takardar shaida, kuma mai sayarwa ba zai ba ka tukunya ba sai ka nuna ta. Can mutum ɗaya ne ke aikin ɗumama gida da sanyaya shi, don suna da hunturu mai kisa. Mu wannan rabin aikin an ɗauke mana, sai fa mutanen Jos da Mambila su ce ban yi musu adalci ba. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ƙungiyar 'yan kwangilarsu, ACCA. Ita da kanta ta rubuta littafin lissafin girman injin da ya dace da kowane gida, bisa ga faɗinsa da tagoginsa da inda rana ta ke bugunsa, har hukumomin gini suka ɗauke shi ya zama ma'auni. Mu nan sai a tsaya a ƙofar ɗaki a ce, "Sa mai doki ɗaya da rabi."

Kada kuma a ce wannan abin Turawa ne. Kakanninmu sun san shi. Sarkin pawa ba don kwalliya a ke naɗa shi ba, shi ke duba abin da aka yanka, ya hana a sayar wa mutane mushe, ya tsaya wa mahauta a gaban sarki. Haka sarkin maƙera, haka sarkin aska, haka sarkin magina. Aiki biyu su ke yi a haɗe, su kare 'yan sana'a daga zalunci, su kare gari daga 'yan sana'a. Yawancin ƙungiyoyin sana'a na zamanin nan sun riƙe karɓar kuɗin wata da yanka farashi da gudummawar biki da ta'aziyya, duk abubuwa ne masu kyau, amma rabin sarautar ke nan.

Masu gyaran firji da iyakwandishan a ƙasar nan suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, NARAP, kuma an sha shirya wa 'ya'yanta horo tare da ofishin kula da ozon na Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Madalla. Sai dai bita ta kwana uku a babban birni ba za ta kai ga yaron da ke lungun Sabo ba. Ra'ayina shi ne, ƙungiyar da kanta ta fito ta nemi doka cewa kada a sayar da gas sai ga mai takardar shaida, tun kafin gobara ta sa a ɗora mata dokar da ba a shawarce ta ba. Ta nemi kada ma'aikata ko asibiti su ba da kwangilar gyara sai ga wanda ya ci gwaji. Kowane reshe ya haɗa kuɗi ya sayi injin zuƙe iska da na kwashe gas da na gane jabu, a ajiye a ofis ana ba da aro, tun da mai ƙaramin shago ba zai iya saye shi kaɗai ba. Kuma kada a yaye yaro sai dattawan sana'a uku waɗanda ba iyayen gidansa ba sun sa shi aiki a gabansu.

Na san abin da za a ce mini, kuma ba maganar banza ba ce. Za a ce duk inda aka ƙirƙiro takarda a ƙasar nan an buɗe kasuwar sayar da ita, mai kuɗi ya saya yana kwance, gwanin da bai iya Turanci ba a kore shi daga abincinsa. Wannan tsoro ni ma ina da shi. In jarrabawar ta zama ta alƙalami da Turancin littafi, to, gara a bar ta, don tsohon da ya gyara mini firji zai iya faɗuwa, wanda bai taɓa riƙe sifana ba ya ci. Maganinsa a yi gwajin a kan inji. A ɓata firji da gangan, a ce nemo ciwon. A tambayi mutum dalili da harshen da ya ke ji, Hausa ko Yarbanci ko Ibo ko Turancin kasuwa. Ba sabon abu na ƙago ba, gwajin sana'a mai daraja uku na Ma'aikatar Ƙwadago ya daɗe, kuma tsarin shaidar ƙwarewa na hukumar NBTE ya yarda a auna abin da mutum ya riga ya koya a shago a ba shi takarda a kansa. Ƙofar tana nan, masu shiga ne kaɗan, don ba wanda ya je ya gaya musu.

Yanzu na zo kanmu, malaman gobe. Hukumomi ba su yi mana kaɗan ba. An kafa ITF a 1971, NBTE a 1977, NABTEB a 1992, ga kwalejojin horon malaman fasaha a Akoka da Gombe da Bichi da Potiskum da Asaba da sauransu. Amma manyanmu suna tune da abin da ya faru da tsarin 6-3-3-4 bayan 1982, sa'ad da aka sayo injunan koyon sana'a daga ƙasashen waje aka raba wa makarantu, da yawa suka tsufa cikin akwatunansu, ba wuta, ba ɗakin aiki, ba malamin da ya san inda a ke kunnawa. Ƙarfe aka saya, aka manta da mutum. In ba mu yi hankali ba haka za a sake yi.

Akwai kuma laifin da ya ke namu na kanmu. Wa bai taɓa jin malami ya ce wa yaro, "In ba ka yi karatu ba sai dai a kai ka gareji" ba? Ni na faɗa, ba sau ɗaya ba, Allah ya yafe mini. Da bakinmu muka mai da sana'a wurin zubar da waɗanda muka kasa koya wa, sa'an nan mu dawo muna kukan ba a iya gyara ba. Alhali wannan aiki yana son mai lissafi, mai karanta zanen waya, mai haƙurin bin ciwo har tushensa. Yaron da ya fi kowa a ajinku, shi ya dace da shi.

Abin da na ke roƙon Shugaban Kwaleji da malamanmu na kimiyya bai fi ƙarfinmu ba. Ɗakin gwaje-gwajenmu a kulle ya ke kwana daga la'asar, haka ranar Asabar. A gayyato reshen ƙungiyar masu gyara na garin nan, a buɗe ajin yamma sau ɗaya a mako ga yaran shaguna. Mu mu koyar da zafi da matsi da lantarki da awo, dattawansu su koyar da hannu, mu ma mu zauna a benci mu koya daga gare su. Ɗalibanmu kuwa su sami wurin gwajin koyarwa wanda ya fi kowane wuya, don mai shekara ashirin da biyar da ya rufe shago ya zo ba zai zauna ya saurari shirme ba. Matattun firji da iyakwandishan da ke jibge bayan ofisoshinmu sun isa kayan aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya, 2030 kuwa ba ta da nisa, kuma wanda R22 kaɗai ya sani zai wayi gari da shago ba ciniki.

Mu 'yan sashen Hausa namu aikin shi ne ɗan littafi, shafi talatin ko arba'in, da zane, wanda yaro zai sa a aljihu. Na riga na fara tara sunayen da masu shago su ke kiran kayan aikinsu da su, na sami ashirin da 'yan kai, amma har yanzu ban sami sunan da ya gamshe ni ba na siririn bututun nan da gas ke kurɗawa, ko na injin zuƙe iska. Wanda ya ke da ɗan'uwa a sana'ar ya tambayo mana in ya je hutu, ya kawo wa Edita kafin fitowa ta gaba. Tsohon nan ya ce in an buɗe ajin zai zo, muddin za a kai shi gida bayan magariba, don idonsa ba ya gani sosai da dare.